Labaran Talabijin na Yara: Wa Zai Yi wa Ɗan Baleyara Bayani?

 

Sharhinmu na yau a kan wani reshe ne na aikin jarida da ba a cika ba shi daraja ba a gidajen watsa labarai, wato shirya labaran talabijin domin yara. Ba zane mai motsi nake nufi ba, ba kuma filin nan da ake tara 'yan lakwal su rera waƙa a tafa musu ba. Labarai nake nufi, na abin da ya faru yau a ƙasa da duniya, waɗanda 'yan jarida suka nemo, suka tantance, suka tsara yadda ɗan shekara tara ko goma sha biyu zai gane.

Kusan rabin mutanen Nijar ba su kai shekara 15 ba. To in Télé Sahel ta buɗe babban labaran dare, da wa take magana? Da ma'aikaci, da ɗan kasuwa, da wanda ya yi boko ya ji Faransanci. Ko na Hausa da Zabarmanci da ake karantawa, don manya aka rubuta su. Yaro yana gefen tabarma yana tsintar kalma ɗai-ɗai. Wani zai ce, ina ruwan yaro da labarai? Ya zo kasuwar Baleyara ranar Lahadi ya gani. Yaron da ya koro awaki tun daga ƙauye, da yarinyar da ke tallar ƙosai tsakanin motocin Yamai, kafin la'asar sun ji an kai hari wuri kaza, sun ji buhun hatsi ya tashi, sun leƙa salular wani sun ga bidiyon da ko babba sai ya kau da kai. Labari ya riga ya iske su, bayani ne bai iske su ba. In yaro ya tambaya a gida, a ce masa ya yi shiru, maganar manya ce. Sai ya kai tambayarsa wurin yaro ɗan'uwansa su ƙera amsa da kansu, kuma sau da yawa abin da suka ƙera ya fi gaskiyar ban tsoro.

Kada a ɗauka talabijin don yara baƙon abu ne gare mu. A ƙasar nan da yara ma ta fara. A 1964, zamanin Diori Hamani, aka kafa talabijin ta makaranta a Yamai da taimakon Faransa. Ana shirya darasi a situdiyo, ana aika shi ajujuwa, kuma a matakin gwaji makarantu 22 ne da yara wajen 800. Waɗanda ke tsaye a gaban ajin ba manyan malamai ba ne, matasa ne da suka gama firamare aka ba su ɗan horo. Masana suka riƙa zuwa daga ƙasashe suna kallo, kuma a wasu makarantun da hasken rana ake kunna akwatin, tun lokacin da yawancin mutane ba su taɓa ganin faifan sola ba. Sai a 1979, zamanin Seyni Kountché, ɗan Fandu ta nan yankin Damana, aka buɗe Télé Sahel ta zama ta kowa. Yara sun riga manya zama gaban akwatin da shekara 15, daga baya manya suka karɓe wurin.

Shirin labarai na yara zalla kuwa, BBC ce ta yi suna da shi. Ranar 4 ga Afrilu 1972 wani ɗan jarida, John Craven, ya fara gabatar da Newsround, da niyyar gwaji na mako shida, ga shi har yau ana yi. Holan ta biyo da Jeugdjournaal a 1981, Jamus da logo! a 1989. Daga 2004 wata ƙungiyar Holan, wadda yanzu ake kira Free Press Unlimited, ta riƙa taimaka wa tashoshi a ƙasashe masu tasowa su kafa nasu, har aka samu irinsa a Afirka ta Kudu da Zambiya da Ghana. Duk inda aka yi shi ya ɗore, za ka tarar cikakkun 'yan jarida ne ke yin sa, ba sabbin shiga da aka tura su koyi aiki a kan yara ba.

To yaya ake yin sa?

Da taron safe ake farawa, kamar kowane ɗakin labarai. Edita da wakilansa suna duba abin da ya shigo, daga majiyoyin da na manya ke ɗiba. Bambancin yana cikin tambayar da suke yi wa kowane labari. Na manya suna tambaya, mene ne sabo? Na yara suna tambaya, me yaro ya riga ya ji a kan wannan, kuma da zai samu dama me zai tambaya? Shirin ba ya da tsawo, minti goma ne zuwa ashirin, saboda haka labari huɗu ko biyar kawai ke shiga: babban abin da kowa ke magana a kai, wani da ya shafi yara kai tsaye, wasa ko dabbobi, sai yanayin sama. Ziyarar minista da yanke ƙyallen buɗe taro, waɗanda su ne cikon labaran manya, nan ba su da wuri, sai in ministan ya zo da abin da zai canja wa yaro gobensa.

Ga misali da dukanmu muka gani. A 2024, bayan ambaliyar da ta yi ɓarna a ƙasa, gwamnati ta ɗage komawa makaranta daga 2 ga Oktoba zuwa 28 ga wata. A labaran manya jimla biyu ce, an wuce. Ga yaro kuwa babu labarin da ya kai shi girma a watan nan. Me ya sa aka ɗage? Don wasu ajujuwa sun rushe, wasu kuma iyalan da ruwa ya kora ne ke kwana a cikinsu. To su in an koma ina za su? Za a rage mana hutu a rama kwanakin? Me ya sa ruwan bana ya yi yawa haka? Waɗannan tambayoyi su ne ƙashin bayan rahoton. Wakili zai ɗauke su ya kai wa sufeton makarantu, ya kai wa ma'aikacin hasashen yanayi, kuma ba zai bar su su amsa masa da yaren ofis ba. In jami'i ya ce an ɗauki matakan da suka dace, sai a sake tambayarsa: wane mataki, a wace makaranta, yaushe? Na sha faɗa wa abokan aiki, da a ce haka muke tsare jami'ai a labaran manya, da manyan ma sun fi ƙaruwa.

Daga nan sai fita ɗaukar hoto. Mutum biyu sun isa, wakili da mai kamara, yanzu ma salula mai kyau da ƙaramin makirfo suna biyan bukata. Doka ta farko, mai kamara ya durƙusa. In ka ɗauki yaro kana tsaye, a akwati zai fito ƙanƙane yana ɗaga kai kamar mai roƙo. In ka sauko daidai idonsa, sai ya fito mutum mai magana. Ta biyu ta fi wuya a ƙasarmu. An tarbiyyantar da yaro kada ya kalli babba ido cikin ido, kada ya yi dogon zance gaban manya. Ka je makaranta da kamara, malami zai zaɓo maka na ɗaya a aji, ya tsaya bayanka yana zare masa ido, yaron ya haddace jimlar Faransanci ya zubo maka. Ka samu murya, amma ba ka samu abin da ke ransa ba. Masu gwaninta suna roƙon malam ya ɗan ba su wuri, su zaunar da yara biyu ko uku tare, su fara da hirar ƙwallo ko ta kokawa, su tambayi wa zai ɗauki takobi bana, har dariya ta ɓalle, sannan su shigo da tambayar da ta kawo su. Kuma ba a yi wa yaro tambayar da amsarta i ko a'a ce, don i zai ce, ladabi ne. 'Yan mata sun fi sakin jiki da wakiliya mace. Sannan ba 'yan lakwal ne kaɗai yara ba: almajiri yaro ne, mai kiwo a cikin kwarin dallol yaro ne, mai ɗibar ruwa a gonar dankali a Bonkuku yaro ne. Shirin da bai taɓa nuna su ba, na 'ya'yan ma'aikata ne.

Izini kuma ba a wasa da shi. Na uba ko uwa, na shugaban makaranta, a ƙauye na maigari, sannan na yaron kansa. In ya ce ba ya so, magana ta ƙare, ko da babansa ya yarda.

Rubutu shi ne inda ake gane gwani. Mutane suna zaton rubuta wa yaro sauƙi ne, alhali nan ne ɗan jarida ke gane ko shi kansa ya fahimci abin da yake faɗa. A labaran manya kana iya ɓuya bayan manyan kalmomi, ka ce hauhawar farashi, ka ce takunkumi, ka ce sauyin yanayi, ba mai tsayar da kai. Yaro zai tsayar da kai. Mu ɗauki watan Mayun 2025, da gwamnati ta hana fitar da bisashe waje gabanin Babbar Salla. Babu inda ya fi dacewa a ba da labarin nan kamar kasuwar bisashen Baleyara. A ce wakili ya bi wani yaro da ya yi wata da watanni yana ba ragonsa harawa da dusa. Ta bakinsa za a shiga labarin. Sai a yi bayani daki-daki: a da fatake suna saye su kai Nijeriya da ƙasashen gaɓar teku, in masu saye sun yi yawa kuɗin rago yana hawa, gwamnati tana son ragunan su tsaya a gida don mai ƙaramin ƙarfi ya samu na layya, amma mai kiwo yana tsoron kada ya sayar a ƙasa da abin da ya kashe. A ji dillali, a ji mai saye, a ji jami'i. Ba a ce wa yaro ga mai gaskiya. A ba shi ɓangarorin, ya isa ya auna. Kuɗi a faɗe shi yadda ake faɗa a kasuwa, jika kaza, dala kaza. Wuri a nuna shi a taswira, a fara daga inda mai kallo yake zaune. Jimla ta zama gajera, magana ɗaya a cikinta, kuma abin da baki ke faɗa shi ido ke gani a lokacin. Kamar maganin asibiti ne: na yaro da na babba sau da yawa ɗaya ne, awon ne ya bambanta.

Yanzu mu zo wurin da ya fi nauyi, wanda don shi na ɗauko wannan magana: mugun labari.

Tun farko masu Newsround sun yanke cewa ba za su ɓoye wa yara mutuwa da bala'i ba. Ranar 28 ga Janairu 1986, da kumbon Amurka Challenger ya tarwatse da mutum bakwai, har da wata malamar makaranta, a shirin yaran nan ne mutanen Ingila suka fara jin labarin a talabijin. Amma suna da ƙa'idoji. Ba a nuna gawa, ba a nuna jini, ba a sa kiɗan tada hankali, ba a maimaita hoton tashin hankali sau uku don ya shiga rai. Inda hoto ya yi muni, zane ko taswira ke maye gurbinsa. Ana nuna masu kai ɗauki. Ba a rufe shiri da mugun labari, sai a biyo shi da mai sauƙi. Kuma ana ce wa yaro in abin ya dame shi ya yi magana da babban da ya yarda da shi. Duk waɗannan za mu iya ɗauka yadda suke.

Akwai guda da ba za mu iya ɗauka ba. A Turai, bayan an ba da labarin hari, mai gabatarwa yakan kwantar wa yara hankali da cewa irin wannan abu ba kasafai yake faruwa ba, kuma nesa ne da su. A London ko Amsterdam gaskiya ya faɗa. A jihar Tilaberi fa? Ranar 15 ga Maris 2021 an kashe mutum 58 a yankin Banibangu, wasunsu suna komowa daga kasuwa. Makarantu ɗaruruwa sun rufe a jihar nan saboda rashin tsaro. A ajujuwan Filinge da Abala da Baleyara akwai yaran da suka baro garuruwansu da dare. Ka ce wa irin wannan yaro abin nesa ne, ya san ƙarya kake, kuma daga ranar ba zai ƙara yarda da kai ba ko a kan labarin ƙwallo. Ɗan jaridar yara a nan sai ya nemi wata hanyar kwantar da hankali wadda ba ƙarya a cikinta. Ya faɗi abin da aka tabbatar, ya faɗi abin da jita-jita ce kawai, ya ce wannan bidiyon da ke yawo a WhatsApp tsoho ne ko na wata ƙasa ne in ya bincika ya ga haka. Ya nuna inda yaran da aka rufe wa makaranta suka samu aji. Ya faɗi abin da yaro zai yi da hannunsa: in ka ga baƙon ƙarfe ko wata waya a hanya kada ka taɓa, ka koma ka gaya wa babba. Yaron da ya san abin yi, tsoronsa ya ragu ko da haɗarin bai ragu ba.

Haka labarin gobara. Ranar 13 ga Afrilu 2021 wuta ta cinye ajujuwan zana a unguwar Pays-Bas ta Yamai, yara 20 suka rasu. Ranar 8 ga Nuwamba na shekarar aka sake yin irinta a Maraɗi, aka rasa fiye da 20. Dubban yaran da suka ji labarin, a rumfar zana su ma suke karatu, kuma kowannensu tambaya ɗaya ce a ransa: namu ajin fa? Rahoton da ya dace da su ba na kukan iyaye ba ne. Na ɗan kwana-kwana ne yana nuna yadda ake fita ba turereniya, da dalilin da ya sa ake son rumfa ta zama da ƙofa fiye da ɗaya, da bayanin cewa bayan ta Maraɗi gwamnati ta hana sa 'yan makarantar raino a ajin zana.

Sai kare yaron da ke gaban kamara. A wasu ƙasashe ɓoye fuskar yaro maganar mutunci ce, a nan tana iya zama maganar rai. Yaron da ya gudo daga garinsa, in ka nuna fuskarsa, ko ka faɗi sunan ƙauyen, ko allon makarantar ya fito a bayansa, akwai masu kallo da ba don ƙaruwa suke kallo ba, kuma danginsa na can. A ɗauke shi ta baya, ko hannuwansa kawai, a sauya suna, a ce wani gari a arewa. Kuma kada a sa yaro ya sake ba da labarin yadda aka kashe mahaifinsa don rahoto ya yi armashi. Wakili zai koma Yamai da yamma, yaron ne zai kwana da abin da aka tono. In edita ya ga rahoto mai kyau amma yana iya jawo wa yaro fitina, ya ajiye shi. Asarar minti biyu ce.

Maganar harshe ba ta da dogon ja-in-ja. A kasuwar Baleyara kaɗai ana ciniki da Zabarmanci, da Hausa, da Tamajak, da Fillanci. Dokar ƙasa ta 2025 ta ba Hausa matsayin harshen ƙasa, amma yaron Tagazar, yankin Baleyara, da aka haifa cikin Zabarmanci ko Tamajak yana da haƙƙin ya ji da nasa. Studio Kalangou, gidan shirya labaran rediyo da aka buɗe a Yamai a 2016, ta nuna ana iya fitar da labari ɗaya cikin harsuna biyar kowace rana. Abin da zan ƙara shi ne, kada a rubuta da Faransanci a juya. A rubuta da harshen tun farko, in ba haka ba yaro zai ji kalmomin garinsu amma ba zai gane zancen ba.

Su yaran, ina nasu aikin? Newsround ta buɗe ƙungiyar yara masu aiko rahoto a 1992, kuma yaro yana iya yin tambayar da babba ke jin nauyin yi. Yarjejeniyar haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989, wadda Nijar ta amince da ita a 1990, ta ce a sashe na 12 a saurari ra'ayin yaro, a sashe na 17 kuma ta ɗora wa kafofin watsa labarai su ba shi bayanin da zai amfane shi. Sai dai abin da muka saba gani ranar 16 ga Yuni, ranar yaran Afirka, ba shi ne wannan ba: a sa wa yarinya kwat, a zaunar da ita kujerar mai gabatarwa, ta karanta takardar da babba ya rubuta, a yi tafi, sai baɗi. Yaro ya kawo tambaya, ya riƙe makirfo, ya ba da labarin unguwarsu. Tantance gaskiya da ɗaukar alhakin kuskure kuwa na babba ne, ba a ɗora wa ɗan shekara goma sha ɗaya.

Saura yadda zai kai gare su. Gidaje da yawa a Kurfai, wato ƙasar Filinge, ba lantarki, ba akwati. Amma akwai mai shagon cajin salula da ke kunna talabijin da sola, akwai salular yaya, akwai katin memori da ake tura wa juna waƙoƙi da finafinan Kano. Shirin minti goma, sau ɗaya a mako don farawa, mara nauyi yadda zai wuce ta WhatsApp, a kuma cire muryarsa a ba gidajen rediyon karkara. Ƙasar da ta kafa ƙungiyoyin sauraren rediyo tun 1962, mutane su taru su ji shiri su tattauna, ba sai an koya mata kallon taro ba. Malami ya kunna wa aji ranar Litinin da safe, a yi minti goma ana tambaya.

Nan ne kuma ake gwada aikin. Masu shirya irin wannan shiri suna yawan komawa makarantu su kalla tare da yara. Ba a tambayarsu ko ya yi kyau, don za su ce ya yi. Ana kashe akwatin ne a ce wa ɗaya, tashi ka ba mu labarin ragon nan da bakinka. In ya faɗi dalilin hana fitarwa da kukan mai kiwo duka biyu, rubutun ya yi. In abin da ya riƙe shi ne kalar rigar wakili, sai a koma a sake rubutu, a kuma duba ko hoton ne ya janye ido daga maganar.